Tsakanin Kant da Ɗangambo: wane littafi ɗalibin Kance zai fara saye?

Duk shekara, da zarar kuɗin tallafin karatu sun shigo hannu, akan ji wata gardama ta tashi tsakanin ɗaliban digiri na biyu a fannin kimiyyar harshe da na adabi. Abin da yake ragewa bayan an biya haya, an auno hatsi, an aika wa gida ɗan abin da ya sawwaƙa, bai fi kuɗin babban littafi ɗaya ba. To, wanne za a saya? Wasu su ce littafin ra'in adabi, irin na Genette ko Todorov ko Ɗangambo, domin shi ne zai kama wa mutum aikin kundi. Wasu su ce a'a, mai son zama masani na gaske daga tushe yake farawa, tushen kuwa yana wajen Kant da Hegel da Heidegger. Masu magana ta biyu sun fi ɗaga murya, kuma ba a rasa inda suka samo ta ba. Tun a ajin ƙarshe na lise aka cusa wa ɗan Nijar girman waɗannan sunaye, ya haddace su saboda jarrabawar bak, ya fito da jin cewa wanda bai iya ambatonsu ba karatunsa bai nuna ba.

Ra'ayin da za a kare a nan shi ne a fara da littafin ra'in adabi, Jamusawa su biyo baya. Hujjar kuwa ba sai an je Barlin ko Paris neman ta ba. Ɗalibin da ya fito daga Kance, ko Matamaye, ko wani ƙauyen da ke tsakaninsu, yana da ita a ƙofar gidansu, ko da bai sani ba.

Wajen shekarar 1840 aka haifi wani yaro mai suna Dorugu a Dambanas, cikin ƙasar Kance. Bai balaga ba aka kama shi bawa, aka bi da shi ta Damagaram har Kukawa, inda wani Bajamushe matafiyi, Adolf Overweg, ya saye shi ya ƴanta shi. Da Overweg ya rasu a gaɓar Tafkin Cadi a watan Satumba na 1852, sai yaron ya koma hannun abokin tafiyarsa Heinrich Barth, wanda aka fi sani a ƙasashen nan da Abdulkarim. Tare suka sauka Damagaram a ƙarshen wannan shekara, tare suka ratsa Katsina da Sakkwato har Tumbuktu, suka komo, suka ƙetare Sahara, suka isa Landan a 1855. Dorugu ya ga Jamus da idonsa. Daga baya ya zauna a Ingila wajen James Frederick Schön, ɗan mishan haifaffen Jamus wanda bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Yaro yana magana, dattijo yana rubutawa. Da wannan magana Schön ya jingina nahawun Hausarsa na 1862 da ƙamusunsa na 1876, aka ba shi kyautar Volney a Faransa a 1877. A 1885 kuma ya buga Magana Hausa, wanda a cikinsa labarin rayuwar Dorugu yake, daga bakin mai rayuwar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Dorugu dai ya komo Afirka a 1864, ya yi aikin tafinta, ya ƙare yana koyarwa a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, ya rasu a 1912.

Ga matani ke nan: ɗaya daga cikin dogayen zube na Hausa mafiya tsufa da aka taɓa bugawa da boko, kuma da bakin ƙasar Kance aka faɗe shi. Masu nahawu sun tatse shi, masu tarihi sun tatse shi, A. H. M. Kirk-Greene da Paul Newman sun fassara shi zuwa Ingilishi a 1971. A ɗauka yau an ajiye shi a gaban ɗalibi, aka ce nan da wata goma ya kawo kundi a kansa. Wane littafi ne zai buɗe masa shi?

A ce ya sayi Figures III na Gérard Genette, na 1972. Zai tarar an raba masa tambayoyin da ɗazu suke a cakuɗe. Wa yake magana, wa kuma yake gani? A ina mai labari ya yi sauri, ya haɗiye watanni cikin jimla ɗaya, a ina ya tsaya ya tattaka? Mene ne aka faɗa sau ɗaya domin sau ɗaya ya faru, mene ne aka faɗa sau ɗaya alhali kullum yake faruwa? A nan ɗalibin kimiyyar harshe zai ji kamar an kira shi da sunan da kakarsa take kiransa, domin wannan rarrabewa ta ƙarshe, wadda Genette ya yi wa dogon bayani da misalai daga Proust, Hausa ta riga ta ajiye mata alama a cikin nahawunta. Tsakanin "suka tashi da asuba" da "sukan tashi da asuba" baƙi ɗaya ne tak, amma na farko rana guda ce, na biyu rayuwa ce. Haka kuma jerin "suka", "aka", "muka" shi ne yake jan zaren labari gaba, sannan "suna" da "ana" su shimfiɗa abin da ke gudana a gefe. Wanda ya san bambancin shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya da na biyu, ya san lokaci sabau, yana riƙe da rabin mabuɗin. Littafin ra'i ne zai nuna masa cewa abin da ya koya a darasin ginin jimla ma'aunin salo ne. Zai iya ƙirgawa, ya kwatanta wurin da Dorugu yake ba da labarin kamun da aka yi masa da wurin da yake siffanta Turai, ya faɗi wani abu da za a iya bincika a gaskata ko a ƙaryata.

Tambayar wa yake magana ta fi haka nauyi a wannan matani. Bakin yaro ne, alƙalamin ɗan mishan ne. Yaron yana cin tuwon gidan wanda yake rubutawa, ya san abin da dattijon yake son ji, ya san abin da ba a faɗa. Ɗalibin da bai taɓa karanta komai a kan bambancin marubuci da mai ba da labari da wanda ake ba labarin ba, zai ɗauki kowace jimla tamkar shaidar da aka bayar a gaban alƙali.

Ko kuma a ce ya sayi tarin rubuce-rubucen masu ra'in siga na Rasha da Todorov ya fassara zuwa Faransanci a 1965. A ciki zai gamu da maƙalar Shklovski ta 1917, inda ya ce aikin adabi shi ne ya mai da sananne baƙo, ya siffanta abu kamar ba a taɓa ganinsa ba. Misalinsa wani doki ne a labarin Tolstoy da yake mamakin yadda mutane ke cewa abu nasu ne. Dorugu ya siffanta zaman cin abincin Turawa da suturar matansu da irin wannan ido. Sai dai shi ba dabara ya ƙulla ba, baƙon ne na haƙiƙa. To, baƙuntawar tana cikin niyyar mai magana ne, ko tana cikin idon mai karatu? Ɗan Kance na yau, wanda ya saba ganin Turai a wayarsa, me ya rage masa na mamaki a wurin, kuma me ya zama baƙo a gare shi a siffar ƙauyen kakanninsa? Nan matanin ne ya juyo yana yi wa ra'in tambaya, wanda shi ne abin da ake fatan gani a kowane kundi, ba a cika samu ba.

Yanzu a ce Hegel ya saya. Laccocin da Hegel ya gabatar a Barlin a kan falsafar tarihi tsakanin 1822 da 1831, aka buga su a 1837, sun ware Afirka ta kudu da Sahara daga tafiyar tarihin duniya, suka wuce. Shekara biyu bayan buga su Barth ya shiga wannan jami'a ta Barlin yana ɗalibi. Shi ne kuma, da ya zo ya gani da ido, ya zauna a Gwandu a 1853 yana kwafar sassan Tarikh al-Sudan, ya kuma ba da labarin wani makahon malami Bafulatani da ya tarar a Bagirmi wanda ya san Aristotal da Aflatun. Gani ya kori ji. Ɗalibin da ya kashe kuɗinsa a kan Hegel zai sami abin yin fushi, da abin mayar da martani, kuma martanin yana da daɗin rubutawa. Amma an daɗe da mayar da shi, tun daga Cheikh Anta Diop da Joseph Ki-Zerbo, kuma a Damagaram ɗin nan André Salifou, wanda jami'ar garin take ɗauke da sunansa, ya mayar da shi a aikace a 1971 da littafinsa a kan tarihin sarautar a ƙarni na 19. Sake maimaita shi ba zai bayyana jimla ɗaya daga maganar Dorugu ba.

Ba a nufin a ce falsafar Jamus ba ta wuce wannan kuskure ba. Masu goyon bayanta suna da magana mai ƙarfi, dole a saurare ta. Suna cewa ra'in adabin zamani kusan duk jikan falsafar Jamus ne. Gaskiya ne. Littafin Lukács a kan ƙagaggen labari da tunanin Hegel aka gina shi. Derrida daga karatun Husserl da Heidegger ya taso. Ra'in karɓar mai karatu da Jauss ya ƙaddamar a Konstanz a 1967 ya sha a hannun malaminsa Gadamer. Duk mai nazarin adabi da ma'aunin aji da tattalin arziki yana bin Marx, ko ya karanta shi ko bai karanta ba. Saussure kansa a Leipzig ya yi digirinsa na uku. Suna ƙarawa da cewa ra'o'i yayi ne, na bana ya ture na bara, alhali littafin Kant na 1781 yana nan daram. Me zai sa a sayi reshe a bar saiwa?

Amsa ta farko ta aljihu ce. Kant ya rasu a 1804, Hegel a 1831, Humboldt a 1835, Nietzsche a 1900. Rubuce-rubucensu da tsofaffin fassarorinsu na Faransanci suna nan kyauta a Gallica da makamantansa. Mai waya da ɗan kuɗin intanet zai sauke su a dare ɗaya. Littattafan malaman Hausa kuwa kaɗan ake bugawa, idan suka ƙare a shagunan Kano da Zariya da Sakkwato sai a daɗe ba a sake ganinsu ba, sai dai fotokofin fotokofi da shafukansa suka dushe. Hankali ya ce a sayi wanda zai ɓace, a sauke wanda ba ya ɓacewa.

Amsa ta biyu ta fi ta farko muhimmanci. Zancen saiwa da reshe yana da daɗin ji, amma ba haka ake koyo ba. Ba wanda ya fara karatun allo da tafsiri. Tambayar falsafa ba ta kama zuciyar mutum sai ya ci karo da ita a cikin aikin hannunsa. Ɗalibin da ya yi wata uku yana fama da wata jimlar Dorugu, yana tambayar kansa ko mai karatun 2025 zai iya fahimtar abin da yaron 1856 yake nufi, in aka miƙa masa Gadamer a lokacin zai sha shi kamar ruwan randa da rani, domin wannan ita ce tambayar littafin 1960 ɗin. Wanda aka miƙa wa kafin nan zai haddace kalmomi ne ya riƙa jefa su a muhawara. Ana ganin irinsu. Ba su da wuyar ganewa, ko gaisuwa suke sai sun ambaci Dasein.

Akwai kuma batun harshe, wanda bai kamata ɗalibin kimiyyar harshe ya kau da kai daga gare shi ba. Kaɗan ne a nan suke jin Jamusanci. Littafin Heidegger na 1927 bai sami cikakkiyar fassarar Faransanci ba sai a 1985, ta biyu ta fito a 1986, kuma har yau masana suna jayayya a kan wadda ta fi. Kalmar Hegel guda, Aufhebung, wadda ta haɗa sokewa da adanawa da ɗaukakawa, ta sa mafassara sun rasa matsaya. Wanda zai karanta wannan da Faransanci, sannan ya yi ƙoƙarin tunaninsa da Hausa, ruwan da ya bi ta tulu uku yake sha. Genette kuwa da Faransancinsa ya rubuta, Ɗangambo da Hausarsa.

Sai dai a faɗi gaskiya, littafin ra'i ma yana da tasa cutar, kuma ta fi yaɗuwa. Kundaye da yawa suna da babi na biyu mai cike da sunayen Turawa, wanda ba ya gaisawa da babi na huɗu. Wasu kuma sukan ɗauko matakai 31 da Vladimir Propp ya fitar a 1928 daga tatsuniyoyin Rasha guda ɗari, su ce ala dole sai Gizo ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Gizo ba jarumin da ake aika wa neman ƴar sarki ba ne. Mayunwaci ne mai wayo, wanda sau da yawa labarinsa yake ƙarewa inda ya fara. Denise Paulme ta lura da haka, shi ya sa a littafinta na 1976 ta sake wa tatsuniyoyin Afirka nasu fasalin, mai hawa, mai sauka, mai zagayowa, mai fuska biyu kamar madubi. Ra'i fartanya ce, ana duba ƙasa kafin a zaɓe ta. Don haka idan kuɗin na littafi ɗaya ne da gaske, wanda aka ƙera a kan ƙasar Hausa ya kamata a fara ɗauka: Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa na Abdulƙadir Ɗangambo ga mai nazarin rubutacciyar waƙa, Jagoran Nazarin Waƙar Baka na Sa'idu Muhammad Gusau ga mai bin makaɗa, Salo Asirin Waƙa na Abdullahi Bayero Yahya ga mai farautar adon harshe. Turke da tubalansa, gindin waƙa da ɗiya, jagora da ƴan amshi: waɗannan kalmomi daga bakin masu sana'ar da masu sauraronsu suka fito, kuma mai son nazarin waƙoƙin Ma'azu Ɗan Alalo na fadar Damagaram zai yi nisa da su fiye da yadda zai yi da laccocin Hegel a kan kyau. Ba cikakku ba ne. Wani lokaci sukan mai da nazari cike gurbi, a jera jigo, a jera salo, a tashi. Amma gyaransu aikin ɗaliban yanzu ne, kuma ba a gyara abin da ba a karanta ba. Tun da kundin tsarin sabunta ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, tambayar da wace kalma za a koyar da tarken adabi a lise ta daina zama hirar ɗakin kwana. Waɗanda suke digiri na biyu a yau su za a tambaya.

Bayan haka sai Jamusawa, amma ba lallai waɗanda aka haddace domin bak ba. Ɗalibin harshe ya fi bukatar Herder, wanda ya buga maƙalarsa a kan asalin harshe a 1772, ya kuma tattara waƙoƙin talakawan ƙasashe daban-daban yana cewa adabi ne. Da Wilhelm von Humboldt, wanda a littafinsa da aka buga a 1836 ya ce harshe aiki ne mai gudana, ba kaya ne da aka gama ƙerawa ba, kuma kowane harshe da yadda yake kallon duniya. A karanta su da ido biyu. Humboldt ɗin nan ya fifita harsuna masu sarrafa kalma irin Sanskrit da Girkanci a kan sauran, kuma ɗabi'ar jera harsuna bisa daraja ba ta tsaya a kansa ba. A 1912, shekarar da Dorugu ya rasu, Carl Meinhof ya buga littafinsa a kan harsunan da ya kira na Hamawa, ya sa Hausa a ciki, jinsin namiji da tamace na cikin manyan hujjojinsa, yana cakuɗa nahawu da zancen launin fata da kiwon shanu. Sai da Joseph Greenberg ya zo a shekarun 1950 aka rushe wannan gini. Wanda bai san tunanin da ya haifi Meinhof ba zai iya sake haifar sa da wani suna.

Ko Heidegger ma ranarsa tana zuwa, kuma ɗan Hausa zai je masa da abin faɗa. Duk tambayarsa a kan kasancewa tana rataye da aikatau guda da harsunan Turai suke da shi. Émile Benveniste ya nuna a 1958, da misalai daga harshen Ewe na Togo da Gana, cewa akwai harsunan da suka rarraba wannan aiki ga kalmomi da dama. Hausa tana cikinsu: "malami ne", "akwai ruwa", "yana gida", "yana da doki", "ya zama sarki", ba guda da ya ari kalmar ɗan'uwansa. Tambaya ce babba, ta isa kundin digiri na uku, amma sai wanda ya ƙware a kan "ne" da "ce" zai iya ɗaga ta.

Magana Hausa shi ma ya tsufa har ya zama na kowa, ana samun hotonsa a intanet ba ko dala. Sai dai yana da wuyar karantawa. Schön bai rarrabe ɓ da ɗ da ƙ daga takwarorinsu yadda aka daidaita daga baya ba, bai nuna karin sauti ba, wasu kalmomin kuma kunnen Bajamushe ne ya ji su ya rubuta yadda ya ji. Maido da matanin cikin ƙa'idar rubutu ta yanzu, da tantance inda karin Damagaram yake magana da inda alƙalamin Schön ya zame, yana bukatar wanda ya tashi yana jin tsofaffi suna hira a kasuwar Kance. Motar da take tashi daga can zuwa Kano ta Matamaye da Ɗan Barto, a wuni ɗaya take kai mutum bakin shagon da ake sayar da Ɗangambo.